Layi Ɗaya a Wuyan Maman Selestin

Tun a Malanbil, da muka ƙetare gadar Gaya, na fara jin tafiyar nan ba ta kwanta mini ba. Ba wanda ya yi mini komai. Sama kawai na duba na ga ta yi baƙi ƙirin ta wajen kudu, iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shigowa ta tagar mota. Makaɗan da muke tare suna ta murna an samu sanyi, ni kuwa tunanin gona nake.

Sunana Lawali, mutumin Madarunfa, sana'ata fenti. Ni ke zana zaki da mikiya a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, a garin Ɗan Isa, in rubuta wa masu shago suna a ƙofa. Amma fenti ba ya riƙe gida shekara, hatsi ke riƙewa. Gonar da nake nomawa kuma ba tawa ba ce, aro ce daga Baba Ila, ƙanen kakata, can kan hanyar Gabi. Ranin nan gaba ɗaya a kanta na ƙare. Na roƙi Fulani suka sauka da shanunsu a ciki ina ba su hatsi daga rumbuna, na yi ta jigilar juji da amalanke har kafaɗata ta saɓule. Shi kuwa Baba Ila doka ɗaya gare shi, kowa ya san ta: ranar da ruwan shuka ya sauka, in bai ga wanda ya ara a gona da sungumi a hannu ba, wani zai ba. Ba ya karɓar wakili, ba ya karɓar mace. Da ya ji zan tafi, cewa ya yi, “Lawali, ka san halina. In ruwa ya zuba ba ka nan, kada ka zo mani da magana.”

Wanda ya ja ni tafiyar Mushe Abdu ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya koma kwasar makaɗa yana kai su bukukuwa. Ya ce ana babban taron kiɗa da zane-zane a Kwatano, yana son mai fenti ya zana ƙyallen da za a rataya a bayan makaɗanmu. Mako guda, in ji shi, abinci da wurin kwana da motar komowa duk a wuyansa. Mutumin yana da baki. In yana magana sai ka ji kamar kai ne ka roƙe shi.

A Kwatano aka zuba mu a wani ajin lakwal da aka kwashe tebura. Sauro ya yi mana maraba tun kafin masu biki su san mun zo. Garin kullum a jiƙe, rigar da ka wanke yau gobe ma da danshinta, ga wani tsami da take yi. Abinci kuwa wani farin ƙulli ne mai tsami a cikin ganye, da miya ja wur da barkono. Na ci don yunwa ba ta san baƙunta ba, amma raina yana kan tuwon hatsi da miyar kuka ta Rabi, matata.

Gaskiya bikin ya cika biki. A bakin teku aka kafa rumfuna, ganguna iri-iri, wasu sai mutum ya hau kujera yake kaɗa su. Na ga masu rawa a kan dogayen sanduna, na ga wani dodo kamar rumbun ciyawa yana juyi shi kaɗai mata suna guɗa. Da hankalina a kwance yake da na sha kallo. Amma duk la'asar sai an tsuge da ruwa, ni kuma duk ɗigon da ya faɗo sai in ji a gonar Baba Ila ya faɗa. Na zana musu tabkin garinmu da jirage da itatuwan gawo a ƙyalle, fentin ya ƙi bushewa, na yi ta yi masa fifita da kwali kamar maras lafiya.

Makaɗanmu da rana tsaka aka sa su, lokacin da kowa ya tafi neman abinci. Suka yi wa kujeru kiɗa. Washegari Mushe Abdu ya ce ya samo musu wani biki a Lome.

“Kai ka tsaya ka tsare mamu kaya,” ya ce da ni. “Jibi muna nan, mu ɗauke ka mu wuce gida.”

Kayan da na tsare tabarmi ne da wata ganga mai fasasshiyar fata. Gwangwanayen fentina ma da su ya tafi, wai kada a sace. Jibi ta zo ta wuce. Na kira salularsa, wata mata ta yi ta gaya mini da Faransanci cewa ba a samunsa. Mai gadin lakwal ya ce yara za su koma karatu, in tattara. Na fito titi da ganga a kafaɗa, aljihuna babu ko dala.

A ƙofar filin biki na tsaya wajen wani mai shayi ina tambayar hanyar Zango, unguwar Hausawa. Ya ɗago kai ya dube ni.

“Kai, wanga baki na Maraɗi ne. Ɗan ina?”

Na ce Madarunfa. Ya ajiye buta ya miƙo mini hannu biyu. Ɗan Tibiri ake ce masa, ya daɗe a Kwatano har ya ji yarensu. Bai tambaye ni kuɗi ba, ya haɗa mini shayi mai kauri da rabin burodi, ya ce akwai wuri a ɗakinsa in ban damu da minshari ba. Sai da na juya baya na sha shayin nan, don kada ya ga idona.

Ranar nan Rabi ta kira. Tun daga gaisuwa na san akwai magana.

“Maigida, an yi yayyafi can garin Sarkin Yamma. Kuma Sale ya faye zarya gidan Baba Ila, kullum da goro.”

Sale surukin Baba Ila ne. Ya daɗe yana kallon gonar nan, tun ba ta sha taki ba.

Ɗan Tibiri ne ya haɗa ni da Maman Selestin. Babbar ’yar kasuwa ce, tana da kamiyo mai kai abarba da manja Maraɗi ya komo da albasa. Mace ce mai jiki, mai dariya da ƙarfi, kullum da gyale naɗe a wuya duk zafin garin. Tana jin Hausar kasuwa. Ta riga ta ga ƙyallen da na zana, ya burge ta.

“Malam, mota na tashi Alhamis,” ta ce. “Ka zauna gaba, kusa da shofer. Amma ka zana ni tukuna. Ina so yarana su samu hotona na hannu.”

Na ce ba ni da ko takarda. Ta ce akwai rumfar da ake koyar da zane a cikin bikin, takarda da gawayi duk kyauta, gobe da safe mu haɗu can. Na kwana ina gode wa Allah. In mota ta tashi Alhamis, Asabar ko Lahadi ina gida.

Malamar zanen wata matashiya ce da aka ce daga Turai ta komo, ta aske rabin kanta ta bar rabi, tana yawo ba takalmi. Mu ma ta sa muka tuɓe namu. Sannan ta ce mu rufe ido mu ja numfashi, mu zana ƙarar teku. Na ɗauka Faransancina ne ya gaza, na tambayi na kusa da ni, ya ce haka ta ce. Ni da na fi shekara ashirin ina cin abinci da buroshi, ga ni zaune a tabarma ido rufe ina zana ƙara. Na buɗe ido na ga abin da kaza za ta yi in ta taka toka. Malama ta zo ta daɗe tana kallonsa, ta ce akwai fushi a ciki. Nan kam ta faɗi gaskiya.

Na zaro zaren da nake auna zane da shi daga aljihu, ta karɓe, wai awo yana kashe zuciya. Ta ce mu koma hannun hagu. Na ce mata hannun nan yana da aikinsa, ba na ɗaukar abin sana'a da shi. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Na haƙura da duk wannan saboda kujerar gaban kamiyo.

Can dai aka ce kowa ya zana wanda ke gabansa. Maman Selestin ta gyara zama, ta gyara ɗaurin kai, ta haɗe fuska kamar za a ɗauke ta hoton katin ɗan ƙasa. Na ce ta saki ranta. Na fara da goshi, na sauko kan idanun nan nata masu dariya ko bakinta a rufe. Gawayin ya bi hannuna. Wallahi ban taɓa zana mutum ya fito haka ba. Mutane suka bar nasu suka kewaye mu, har malamar ta daina magana. Gyalen wuyan ne na ga ya cushe hoton, sai na bar shi, na zana mata wuya sumul yadda nake zaton yake.

Da na gama, sai hannuna ya yi abin da ya saba.

Malam Garba, maigidana da ya koya mini fenti a Maraɗi, ya hore mu tun muna wanke buroshi: duk abin da ke da rai, in ka zana shi, ka ja siririn layi ka raba kai da gangar jiki. In ka bar shi cikakke, ranar gobe za a ce ka hura masa rai, ba kuwa za ka iya ba. Duk zakin da na taɓa zanawa yana da layin nan a wuya. A wajenmu ba wanda ke ko lura, wanda ya lura kuma cewa yake mai fentin nan yana da tsoron Allah. Ban yi tunani ba, kamar yadda ba ka tunani kafin ka yi bisimilla. Na ja layi daga wannan gefen wuyanta zuwa wancan, na juya mata takardar ina murmushi.

Dariyar fuskarta ta ɗauke. Ta kai hannu ta dafe gyalen wuyanta. Ta dube ni, ta dubi takarda, sai ta ƙwalla ƙara da yarensu, ta tashi ta fita da gudu ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba. Matan da suka rako ta suka bi ta, ɗaya tana nuna ni da yatsa. Ina tsaye da gawayi a hannu ban san hawa ba ban san sauka ba. Ita kuwa malama tafi ta kama yi. Ta fizge takardar, ta ce wannan ne aiki mafi ƙarfi da aka yi tun da aka buɗe rumfar.

Na je na gaya wa Ɗan Tibiri. Ya saki cokali, ya riƙe kai.

“Lawali, ka kashe mu. Ba ka san abin da ke ƙarƙashin gyalen nan ba? Maƙoƙo gare ta. Mako mai zuwa likita za shi yanka wurin. Matar ga ta yi wata ba ta barci don tsoro, ba cocin da ba ta shiga ba.”

Na ce to ni ina ruwana da wannan, ban ma sani ba.

“Shi ne ya fi muni. Mutanen nan gani sukai kowane Bahaushe malamin duba ne. Ba ta gaya maka ba, ba ka gani ba, ka ja wuƙa daidai wurin. Mi kake so ta ɗauka?”

Da sassafe muka tafi gidanta ba da haƙuri. Tun daga waje muna jin fasto yana addu'a da ƙarfi ana amsawa. Babban ɗanta ya tare ƙofa, ƙato ne, wuyansa ya kai cinyata. Ɗan Tibiri ya yi ta bayani da yarensu, ya karɓi salulata ya nuna masa hotunan motocin da na yi wa fenti, ga zaki da layi, ga mikiya da layi, ga doki da layi. Saurayin ya kalla ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa tana ƙara ɓaci. Ya yi wata tambaya.

“Mi ya ce?” na tambayi Ɗan Tibiri.

“Ya ce duk waɗannan da ka yanka, akwai wanda ya tashi?”

Aka rufe mana ƙofa. Ranar Alhamis ina tsaye a gefen kasuwa na ga kamiyon ya fito, abarba har sama, wani mai kiwon kaji zaune a kujerata da kwando a cinya. Na bi shi da ido har ya sha kwana.

Takaici ya kai ni rumfar zane. Na tarar an sa hoton a gilashi an rataye shi a tsakiya, da sunana a ƙasa an rubuta shi ba daidai ba. Matan kasuwa sun yi layi suna kallo, kowace ta gani sai ta ɗora hannu a ka. Wato ciwon da baiwar Allah take ɓoyewa da gyale, ni na rataye mata shi a bainar jama'a. Na ce wa malama ta ba ni abina. Ta ce ya zama na biki. Na ce to bari in goge layin. Ta ce layin shi ne aikin. Ban san lokacin da na ciro hoton na zare shi daga gilashi ba, na sa babban yatsa na murza wurin. Gawayi ne. Siririn layi ya baje ya zama baƙin faci tun daga haɓa har ƙirji. Matan suka sa kururuwa. Masu gadi biyu suka ɗauke ni cak, suka ajiye ni a waje, suka wurgo mini takalmina.

Daga nan sai dako. Na yi ta sauke buhuna a kasuwa don in samu na abinci, ina kwana ɗakin Ɗan Tibiri, shi kuma yana bin tashoshi yana nema mini mota. Da ƙyar ya samu wani shofer mutumin Tasawa mai ɗauke da ƙarafan gini, ya yarda ya ɗauke ni a baya in na ba shi salulata. Kafin in miƙa na kira Rabi.

“Hadari ya haɗu gabas jiya, ya watse,” ta ce. “Na gyara iri, na kai sungumi maƙera. Kai dai ka taho.”

Ɗan Tibiri ya raka ni da ƙullin gari da sukari. Na bar masa fasasshiyar gangar nan, ya ce zai riƙa zama a kai.

A Paraku motar ta mutu. Wani ƙarfe ne ya karye a ƙasa, aka ce sai an aiko da shi daga Kwatano. Muka zauna a gefen titi, yau za a kawo, gobe za a kawo. Aka kawo, bai shiga ba, aka mayar. Ina kwana ƙarƙashin mota, ruwa yana bi ta gefen tabarmata. Ba salula, ba labarin gida. Duk motar da ta fito daga arewa sai in tare ta in tambaya ko an yi ruwa a Maraɗi. Wani ya ce an yi, wani ya ce ƙura ce kawai, wani ya ce shi daga Dosso yake. Na zaɓi maganar mai ƙura na riƙe.

Da muka iso Malanbil, motoci sun yi dogon layi a duwan, wajen binciken kwastan. Ina sauka in miƙe ƙafa sai na hango kamiyon Maman Selestin a ɗaya hannun, ya juyo daga Maraɗi shaƙe da albasa. Na nemi inda zan ɓuya, amma shofer ɗin ya riga ya gan ni. Ya taho da gudu. Na dunƙule hannu ina jiran duka, sai ji na yi ya rungume ni.

“Malam! Maman na nemanka ko'ina!”

An yi aikin, in ji shi, ta tashi lafiya, har tana cin tuwo tana faɗa da ma'aikata. Yanzu cewa take yi Bahaushen nan ne ya ɗauke wuƙar ya sa ta a takarda, takarda ta sha yankan a madadinta. Ta sa a nemo ni, za ta yanka akuya, za ta ɗinka mini kaya. In ina so ma in hau yanzu mu koma Kwatano.

Na yi wa Allah godiya da ta tashi, har zuciyata. Amma ban iya yin dariya ba. Na ce masa abu ɗaya nake son ji, an yi ruwa a Maraɗi?

“Ruwa? Washegarin da munka isa anka kwana ana yi. Da safe duk garin ya watse gona, ko ɗan dako ba mu samu ba.”

Washegarin da suka isa. Na zauna a kan dutsen gefen titi. Shi bai gane ba, ya hau mota ya sauko mini da rabin buhun albasa, ya ce tukuicin Maman ne kafin in zo.

Daga Dosso har Konni har Gidan Rumji ban ɗago kai sosai ba, don ko'ina ka duba layukan shuka ne sun tsiro. A Maraɗi na sauka na hau kabu-kabu, na ce ya wuce da ni hanyar Gabi, ban biya gida ba. Ban san abin da nake fata ba. Wataƙila dai ruwan ya tsallake mu, yakan yi haka.

Bai tsallake ba. Gonar ta yi kore shar, hatsi ya kai tsawon yatsa, ya fi na duk maƙwabta duhu da kauri. Inda shanun Fulani suka fi kwana har ya fara rufe ƙasa. Sale yana tsakiya da ƙwarya yana cike gurbin da bai fito ba. Baba Ila yana zaune a gindin gawo da sandarsa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya dubi buhun da ke kafaɗata.

“Ban taɓa yi ma kowa ba,” ya ce. “Ranan nan har azahar na hana a sa sungumi. Ina nan zaune ina duban hanya.”

Na ce na gode, Baba.

Sale ya taho yana share gumi, ya miƙo mini hannu, ba da izgili ba, da iyakar gaskiyarsa.

“Lawali, sannu da hanya. Wallahi gonag ga ta sha taki. Allah shi saka maka.”

Na ce amin. Na yi masa sannu da aiki, na gyara buhun albasata a kafaɗa, na kama hanyar gida ina tunanin yadda zan dubi Rabi.